Alhamdulillah, an sa hannu a kundina

Alhamdulillah, jiya farfesoshi suka sa hannu a kundin bincikena. Ku da kuka raka ni da addu'a tun zuwana Japan kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Masu tambaya me ya haɗa likitan dabbobi da zuciyar roba, ga shi a taƙaice. Zuciyar da Allah ya halitta jijiyoyi ne ke sanar da ita an tashi gudu, ta ƙara bugu. Ta roba ba ta da mai sanar da ita. Shi ya sa muke ɗora akuya a injin gudu mu gani: idan hanyoyin jinin tsoka suka buɗe, na'urar za ta gane ta ƙara turo jini? A kan wannan dabarar masana Jami'ar Tokyo suka raya akuya kwana 532 da zuciyar roba, sawunsu muka bi.

Dare ɗaya ba zai bar raina ba. Bayan gwajin gudu na tarar da akuyarmu ta sunkuyar da kai tana haki, awon matsin jini a ɓangaren hagu na zuciyarta yana hawa, alamar jini na taruwa a huhu. Ni kaɗai, hannuna na rawa. Na kira dattijon da ke kula da dabbobinmu, ya taho a keke cikin dusar ƙanƙara. Bai kalli kwamfuta ba. Ya durƙusa yana shafa wuyanta, ya bi tiyon iskar da ke sa zuciyar robar bugawa da yatsa har ya kai inda ya lanƙwashe a ƙasan ƙafarta, ya miƙe shi. Numfashinta ya lafa. Sai ya nuna mini agogo, wai in je in yi Asuba, shi zai zauna da ita. Allah ya saka maka, Baba, ya shiryar da kai da zuri'arka.

Inna, ke kika sayar da awakinki aka cika kuɗin jirgi. Allah ya ja kwana, ya kai ki Makka da gumina. Yaya Babba da Maman yara, kun riƙe gida ba ƙorafi, Allah ya biya ku da Aljanna. Akwai 'yan'uwan da ko "ya karatu" ba su taɓa aiko mini ba, ya yi mini ciwo, amma Allah ya bar zumunci.

Allah ya sa aikin ya amfani masu ciwon zuciya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ina hanya bayan Sallah in sha Allah.