Yadda muka nemi gudummawar lambun cocinmu

Lambun nan dai yunwa ce ta sa muka fara shi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai kuma ya bi ta, masara, shinkafa, har gishiri. Mu a cocinmu nan Zariya ta wajen Wusasa muna da kwamitin taimako, ni ne sakatare, duk ƙarshen wata mu sayi hatsi da baiko na musamman mu raba wa gwauraye da marayu. To sai ya zama kuɗin da ke sayen buhu ko rabi ba ya kawowa, masu zuwa kuma sun ƙaru, har da waɗanda a da su ne masu bayarwa, mutum ya zo ya tsaya gefe yana ta kame-kame ya kasa faɗin abin da ya kawo shi.

Akwai fili a bayan coci da aka ajiye don gina azuzuwan Sande Sukul, shekara da shekaru ba abin da ke ciki sai ciyawa da yara masu ƙwallo. Kafin ma a zo maganar kuɗi sai da muka sha fama da dattawa, don tsoronsu in an shuka abu a wurin shikenan gini ya tafi. Da ƙyar aka amince a kan aro ne, aka rubuta a minit cewa duk ranar da kuɗin gini ya samu za mu tashi.

Daga nan aka ce a yi lanchin kamar yadda aka saba. Aka yi hayar kanofi da kujeru, aka gayyato babban baƙo da ciyaman, aka dafa shinkafa, manya suka riƙa karɓar makirfo suna faɗin miliyan kaza dubu ɗari kaza ana tafi ana guɗa. Abin da ya shigo hannu a ranar da ƙyar ya biya kanofi da abinci, sauran kuwa alkawari ne, na yi ta bin mutane a waya har wani ya daina ɗauka in ya ga lambata. Ba zan ce maƙaryata ba ne, mutum in ya ga taro bakinsa kan riga aljihunsa.

Uwar zumuntar mata ce ta sauya mana hanya. Ta kira ni bayan sujada ta ce, "Ɗana, ka daina ce wa mutane a taimaki aikin lambu, ba wanda ya san girman aikin lambu. Ka ce musu bokiti kake so." Na ce Mama bokiti kuma? Ta ce e, bokiti, da fartanya, da tiyo, kowanne ka rubuta shi da sunansa. Haka muka yi, muka manna takarda a allon sanarwa, wayar shinge rol kaza, shebur, baro, buhunan taki, iri, duk abin da aka kawo a ja masa layi a gaban kowa. Abin mamaki kafin wata ya ƙare an kusa cinye takardar. Wanda ba zai iya ba da dubu biyar ba yana da tsohuwar fartanya a gida, mai kiwon kaji kuma daɗi ma ya ji da muka kwashe masa kashin kaji, sai dai a sani ba a zuba shi ɗanye, sai an tara shi ya ruɓe tukuna in ba haka ba ya ƙone shuka.

Me za a shuka ma sai da aka yi gardama, matasa duk tumatir suke so don shi ke kuɗi. Wani babanmu da ya yi ritaya daga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru ya ce a'a, ya tuna mana tsutsar nan Tuta absoluta da manoma ke ce wa sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane, ya ce mu ba mu da kuɗin feshi kuma mai jin yunwa ba zai jira wata uku ba. Sai muka sa alayyafo, shi sati uku zuwa huɗu ka fara yanka kuma ya sake tohowa, da rama da yakuwa da kuɓewa da kabewa, wake a gefe tunda ba ya cin taki sosai, dankalin Hausa kuma ko iri ba mu saya ba reshensa aka roƙo mana muka dasa, zogale muka jera a jikin shinge. Masara ba mu taɓa ba, filin bai kai ba. Lambu irin namu ba zai cika rumbu ba gaskiya, abin da yake yi shi ne ya ɗauke wa gida kuɗin miya, kuɗin kwamiti kuma ya tafi kan hatsi kaɗai.

Inda aka sha wuya ruwa ne. Da damina kowa gwani ne, amma ruwa na ɗaukewa a Oktoba sai rijiya, ita kuma daga Maris zuwa Afrilu sai ka zura guga ka jiyo ƙasa. Maƙwabcinmu wani Malam mai noman rani a bakin kogin Kubanni shi ya koya mana yin fangali yadda ruwa zai kwanta ba zai gudu ba, ya kuma ara mana injin ban ruwa, to amma inji mai yake sha, a ƙarshen 2024 lita ta wuce naira 1,000. Nan ne muka juya wajen 'ya'yan coci da ke Abuja da Legas da Kaduna ta guruf ɗin WhatsApp, muka ce a yasa rijiya a ƙara mata zurfi a sa ƙaramin famfo mai sola. Duk Asabar ina tura hoton fangali da hoton rasit, ko na igiya ne, Lahadin farko na wata kuma in tashi in karanta shiga da fita har naira hamsin ta leda. Mutane na hamma ina gani, amma na lura duk ranar da na karanta lissafi da yamma sai alat ya shigo.

Abu ɗaya muka ƙi, hoton masu karɓa. Wani mai ba mu da yawa ya ce yana so ya ga fuskokinsu riƙe da ganye, Mama ta ce a gaya masa ya zo ya ga alayyafo, gwauruwa ba abin kallo ba ce. Ya daina bayarwa, mun ji zafin rashin kuɗinsa sosai amma har yau ba a ɗauka. Matan zumunta ke kai wa gida-gida da yamma a cikin baho a rufe, wanda kuma yake da ƙarfi sai a sa shi a jerin masu ban ruwa ya ɗebi rabonsa a matsayin ladan aikinsa, maza musamman sun fi son haka.

Da muka je gaida mai unguwa na ce ranka ya daɗe ga abin da muke yi, shi ya ba mu sunayen gidajen da ba a ɗora tukunya kullum, da yawa Musulmi ne. Wasu a coci suka yi gunaguni wai da baikonmu za a ciyar da na waje, Baba Fasto bai ja da su ba, ya dai tambaye su Rut ta Littafi Mai Tsarki da ta yi kala a gonar Bo'aza 'yar ina ce, aka ce Mowab, wato baƙuwa ce a Isra'ila, ya ce to. Maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba amma ta yi sanyi.

Hannun aiki shi ma gudummawa ne kuma ya fi kuɗi wuyar samu. Ranar gayya ta farko har wuri ya yi kaɗan, amma ban ruwan asuba cikin zafin Afrilu sai ka nemi matasa ka rasa, kowa da uzurinsa. Dole muka riƙa sayar da wani kaso ga mata masu kai ganye kasuwar Sabon Gari muna biyan yaro ɗaya ɗan alawus, shi ke buɗewa shi ke rufewa shi ke korar awaki, wasu har yanzu ba su yarda a sayar da abin da aka ce na mabukata ne ba, ni kuwa na gwammace a sayar da kaɗan da lambu ya bushe duka.

Yanzu takardar da ke allo tankin ruwa ne a kanta da tabarmi na shanya kuɓewa, don bana ta yi yawa har ta so ta lalace mana. Dattawa kuma sun sake tado maganar azuzuwa a mitin da ya wuce, an ce kwamiti ya fara neman wani filin aro kafin damina.