Daga Kano zuwa Guangzhou: awa nawa ake yi a hanya?

Dillalan tikiti awa 15 suke cewa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai zaman cikin jirgi kaɗai suka lissafa. Babu jirgin da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ya dire filin Baiyun na Guangzhou, a ƙasar Sin, kai tsaye, nisan ya doshi kilomita 11,000, dole sai ka ya da zango. Ni ta Addis Ababa na bi: kilomita kusan 3,300 daga Kano, awa 5 ko ƙasa kaɗan, sannan kusan 8,000 zuwa Guangzhou, awa 10 da wani abu. Haɗa da jiran da ke tsakani da layin duba fasfo, kwana ne sukutum.

A filin jirgin Bole na Addis Ababa na fara rikicewa da agogo. Sanyi ne ya tarbe mu, don garin a kan tudu yake, sama da mita 2,300. Na zauna shan gahawa, na tambayi mai shagon lokaci, ya ce ƙarfe 4, alhali allon filin na nuna 10 na dare. Ashe Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awanni, su sake daga faɗuwarta. Gahawarsu ba a magana, amma kuɗin robar ruwa ɗaya a wurin ya ishi mutum biyu cin abincin rana a Kantin Kwari. Wannan zalunci ne, don wanda ke jiran jirgi ba shi da inda zai je.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sallah. Mai tafiya gabas rana yake tarba, daren nan sai ya tsinke. Mun tashi bayan tsakar dare, kafin barci ya yi nisa alfijir ya keto ta taga. Wani dattijo ɗan Damagaram da ke kusa da ni ya taɓa kafaɗata ya ce, "Alhaji, Asuba za ta wuce mu." Muka yi ta a zaune. Da muka sauka La'asar ta gabato, a Kano kuwa ana karin kumallo, don awa 7 ne tsakani.

A ɗaya daga cikin wuraren duba takardu wani ma'aikaci ya ware masu koren fasfo gefe, yana nuna mu da biro, ko kallon fuska babu. Akwai dattawa a cikinmu. Har yanzu abin na cin raina.

Dattijon nan shi ya wanke mini zuciya. Ya sa ni a jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari har Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, ya kai ni shagon wasu Musulmin Sin muka ci taliya da naman sa. Na zaro kuɗi, ya riƙe hannuna: "Ɗana, baƙo ba ya biya." Da waya ma ya biya, ta manhajar WeChat, don takardar kuɗi sai ka wahala kafin ka samu canji. A masauki na shimfiɗa darduma na kalli gabas, ya juya ni. A can alƙibla yamma take.

Ranar Juma'a mun je masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Ciniki kuwa da kalkuleta aka yi shi, ka danna, mai kaya ya girgiza kai ya danna nasa.

Dawowa ta fi tsawo kaɗan, don iska ke tare gaban jirgi in ya nufi yamma. Na iso Kano da rana, barci ya kwashe ni kafin Isha'i, ƙarfe 2 na dare idona biyu.