Wanda ya ƙware a FoxPro, me ya rage masa a hannu?

Har yau a Sakkwato za ka iske kantin magani ko makaranta mai zaman kanta da duk lissafinta ke zaune cikin Access ko Visual FoxPro, manhajojin Microsoft na ajiye bayanai, a kwamfuta guda can kusurwar ofis. Tun 2007 Microsoft ta sanar cewa FoxPro ba zai wuce siga ta 9 ba, a Janairun 2015 kuma ta janye masa tallafi ɗungurungum. Shi ya sa matasa masu koyon shirya manhaja ke yi wa gwanayensa kallon tsohon yayi. Ni ban yarda ba, kuma ranar kwashe bayanai zuwa sabon rumbu ita ke raba gardama.

Abin da ya mutu yaren kamfani ne: yadda ake zana fom, da tsara rahoto. SQL kuwa, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, tun 1986 aka daidaita shi, kuma SELECT da GROUP BY na wancan zamani suna nan daram a PostgreSQL da MySQL, rumbunan da ake ƙaura zuwa gare su yau.

Ɗauki teburin ɗalibai a fayil ɗin DBF, wanda FoxPro ke ajiye tebur a cikinsa. A FoxPro, in an goge layi ba ya gushewa, alama kawai ake sa masa har sai an ba da umarnin PACK. Wanda bai san haka ba, in ya kwashe teburin ba tare da SET DELETED ON ba, wato umarnin da ke ɓoye layukan da aka goge, sai ɗaliban da aka sallama shekaru da suka wuce su dawo rajista, da bashin kuɗin makaranta a kansu. Dogayen bayanai kuma ba a DBF suke ba, suna wani fayil mai ƙarewa da FPT. In an kwafi ɗaya an bar ɗayan, teburin ma ba zai buɗu ba. Ga kuma gurbin kwanan wata da aka bari fanko: FoxPro na karɓarsa, PostgreSQL ba ya karɓa, tilas a mayar da shi NULL, wato alamar babu komai, kafin a loda. A Access tarkon daban ne, domin kwanan watan da aka rubuta cikin SQL tsakanin alamomin # tsarin Amurka yake bi, sai 03/04 ya zama 4 ga Maris, alhali mai kanti 3 ga Afrilu yake nufi.

Wanda ya fi damuna shi ne na sunayenmu. Tsarin haruffa na Windows-1252, wanda tsofaffin fayilolin nan suka fi amfani da shi, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, ba shi da alamar ₦. Saboda haka magatakarda suka riƙa rubuta Dahiru, D'ahiru, 'Dahiru, duk mutum ɗaya. Sabon rumbu a kafa shi da UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi namu, a MySQL kuma utf8mb4, amma wannan ba ya haɗe sunayen da suka riga suka rabu. Sai an zauna da lambar rajista an tantance su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya san yadda aka cika teburin tun farko shi ke iyawa.

Kafin ƙaura a ƙirga layukan kowane tebur, a tara jimillar kowane gurbin kuɗi, a rubuta a takarda. Bayan ƙaura a sake, su yi daidai har kwabo. Kuɗi a ajiye su a NUMERIC mai gurbi 2 bayan ɗigo, kada a sa su a FLOAT, nau'in gurbin da ke kintata lamba, domin yana kawo 'yar tazarar da sai ƙarshen wata take bayyana.

Akwai dai ɗabi'a guda da ya wajaba tsohon gwani ya yar: bin tebur layi-layi da umarnin SCAN na FoxPro. A kan faifan kwamfutar ofis ba a jin nauyinsa. In rumbun ya koma sabar da ake isa gare ta ta intanet, kuma manhaja na aika tambaya ɗaya kan kowane ɗalibi, ɗalibai 2,000 tafiya 2,000 ke nan zuwa da dawowa, kan aikin da umarnin SQL ɗaya, UPDATE mai WHERE, zai gama.