Lemon tsami na mutum ɗari uku

Duk wadda ta iya haɗa lemon tsami kofi biyar ko shida don maigida da yara, gani take ta iya sana'ar. Ai ba wani abu ba ne: a matse, a zuba sukari, a ƙara ruwa, a jefa ƙanƙara. Ranar da aka ce ta yi na mutum 300, ta kai gidan biki ƙarfe huɗu na yamma da sanyinsa, ranar za ta gane cewa shi lemon ne ƙaramin aiki a ciki. Ni a hannun gwaggona na koya, a unguwar Nima da ke Akra, babban birnin Gana, inda ta daɗe tana yi wa gidajen aure da suna da addu'ar arba'in abin sha: sobolo (wato zoɓo), lamurje, da lemon tsami mai citta. Da azumi kuwa har masallatan unguwa ake ɗauka don buɗa-baki. Abin da zama da ita ya nuna mini shi ne, a babban haɗi ruwa da sanyi da lokaci ake sayarwa, su ne kuma ke kunyata mutum.

Gwaggo ba ta ƙirga lemo. Idan mun shiga Agbogbloshie ko kasuwar Malam Atta, mai kaya na ta rantsuwa cewa kwandon ya cika maƙil, ita kuwa sai ta ɗauki guda ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta shafa ɓawon. Mai santsi take so, mai siririn ɓawo, wanda ya fara sirkawa zuwa ruwan ɗorawa. Kore shar mai kaushi ya fi kyan gani, amma rabinsa ɓawo ne. Daga nan ta ciro 'yar wuƙarta ta yanka a gaban mai kayan, ta matse a ƙasa kowa ya gani. "Ɗiyata," in ji ta, "ba lemo muka zo saye ba, ruwansa muka zo saye." Yankin Asebu, kusa da Cape Coast, ya yi suna da lemon tsami tun zamanin Turawa, lokacin da kamfanin Rose na Ingila ke matsar shi a can yana fitarwa waje, amma sunan gari bai taɓa sa Gwaggo ta fasa yankawa ba. Kwando ɗaya da damina da kwando ɗaya da hunturu ba ruwa ɗaya suke bayarwa ba, saboda haka duk lissafinmu da lita muke yi.

Ga yadda yake tafiya. Mutum 300, kowa kofi mai cin mililita 300, lita 90 ke nan. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka kuma leda 30 ce, wato lita 15, ka ga lita 90 daidai take da jaka shida. A cikin wannan, ruwan lemo zalla kamar lita 12 muke sawa, sukari kilo 10, sauran ruwa ne da ƙanƙara. Lita 12 a baki ba ta da yawa. Amma ƙananan lemon nan namu da ƙyar ɗaya ke ba da cokali babba guda ko ɗaya da rabi, don haka magana ake ta lemo ɗari shida zuwa ɗari takwas, kowanne sai an wanke, an murza, an raba biyu, an matse.

Wajen matsar ne ake gane wadda ta saba. Mukan zauna a inuwar tsakar gida, mata uku ko huɗu, kowacce da robarta da rariya a kai. A fara murza lemon a kan turmi ko katako da tafin hannu har ya yi laushi, sannan a yanka. Matsa biyu, a jefar. Sabuwar yarinya takan so ta tatse shi ƙarƙaf, tana murɗa ɓawon har ya fashe don kada a yi asara, ba ta san ɗaci take tatsowa ba: man ɓawon da farin naman da ke ƙarƙashinsa su ne ke ɓata haɗi. Kafin a kai rabin kwando, duk wani ɗan tsagu da ke yatsa ya bayyana kansa da raɗaɗi, fatar hannu ta yi yaushi. Zaman inuwar ma ba don jin daɗi kawai ba ne. Ruwan lemon tsami in ya zauna a fata rana ta buga shi, yakan ƙona wurin, ya bar baƙin tabo na watanni. Shi ya sa yanzu safar hannu ta roba muke sawa, wadda ta ƙi sawa kuma ta wanke da sabulu kafin ta fita rana.

Masu niƙa lemo da ɓawonsa da 'ya'yansa a bilenda suna burge mutane a Facebook, launin ya fito kore gwanin sha'awa. Wannan na shan take-yanke ne. In ya yi awa biyu, magani ma ya fi shi daɗi.

Ko wanda aka matse da kula ba ya jiran mutum. Akwai wani sinadari mai ɗaci, limonin, da ke ƙaruwa a cikin ruwan bayan an matse, ga ƙamshin kuma yana gudu. Don haka tsarin aikin gidanmu daga baya yake farawa. In za a kai kaya ƙarfe huɗu, sukari tun daren jiya aka dafa shi da ruwa ya narke ya huce, domin sukari kilo goma ba ya narkewa a ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin bokiti, na sama su sha tsami, na ƙarshe su sha zuma. Citta da kanumfari su ma da dare ake daka su, a tafasa, a tace da kyalle mai tsabta. Lemo shi ne na ƙarshen shiga, da hantsi ake fara matsarsa, bayan azahar a haɗa. Yankakken lemon da ake yawo da shi a saman kula don ado, sai an isa wurin ake jefa shi, kuma ba ya wuce awa ɗaya a ciki. Da azumi abin ya fi sauƙin tsarawa, tunda a Akra magariba ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara. Matsalar azumi ɗaya ce: babu mai ɗanɗanawa. A nan ne awon da aka rubuta a takarda ke ceton mutum.

Maganar mazubi gajeriya ce. Tsami yana cin tukunyar dalma, ya jawo ɗanɗanon ƙarfe, don haka silba ko farar roba. Galan ɗin nan rawaya da ake kira da sunan Kufuor asalinsa na man girki ne, komai wankinsa lemo sai ya tono warin man. Robar da ta taɓa ɗaukar sobolo kuma ta sobolo ce har abada.

Ruwa ne inda Gwaggo ba ta da wasa ko kaɗan. Wanda ya zauna a Akra a 2014 bai manta da kwalara ba: sama da mutum 28,000 suka kamu a faɗin Gana, fiye da 200 suka rasu, kuma Akra ce ta fi jin jiki. Daga wannan shekara ta daina haɗi da ruwan tanka, ta kuma daina jefa ƙanƙarar kasuwa a cikin abin sha. Mutane kan ce ai tsamin lemo yana kashe ƙwayar cuta. To, lita 12 da aka tsinka a cikin lita 90 ba abin da za a jingina ran mutum 300 a kansa ba ne, ga tsofaffi, ga goyo. Babban bulon ƙanƙara da ake saye, ba wanda ya san da ruwan da aka yi shi, aikinsa a waje yake, a jera shi kewaye da gorori. Wadda za ta shiga ciki mu muke yin ta: fiya wata jaka biyu daga cikin ruwan haɗin mu daskarar kwana biyu kafin biki, ranar a wanke ledar, a yanke, a juye dunƙulen a ciki. Ta haka an riga an lissafa ta cikin ruwan haɗin, in ta narke ba ta tsinka komai. Da yawan masu kukan cewa lemonsu ya yi salam kafin la'asar, ruwansu suka zuba cif, sannan suka ɗora ƙanƙara a kai.

Wannan dabara ta sha wuya a 2015, lokacin dumsor, da wuta kan ɗauke awa 24 ta dawo awa 12. A lokacin ne Gwaggo ta koyi raba kaya a firizar gidaje daban-daban, wasu a Mamobi, wasu a Newtown, tunda ba lokaci ɗaya ake ɗauke wa kowa ba. Har yau ba ta yarda ta tara ƙanƙarar babban biki a firiza ɗaya.

Sai batun zaƙi, wanda a kansa muka fi saɓani da ita. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, don haka haɗin da ya yi daidai da ɗuminsa, in ya yi sanyi sai a ji kamar sukari bai ji ba. Ita maganinta ta ƙara ludayi biyu, ta ce 'yan zango ba sa yabon abin da bai yi zaƙi ba, kuma gaskiyarta, na ga yadda ake yi wa mai ƙarancin sukari tsegumi a bayan kanofi. Amma na yi lissafi: kilo 10 a lita 90, kowane kofi yana ɗauke da kusan giram 33 na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke ci a yini, kimanin giram 50 ga babba. Kofi biyu an wuce. A kowane taro kuwa akwai alhazai da hajiyoyi masu ciwon sukari, waɗanda kunya ba za ta bar su su mayar da kofi ba. Da na kawo maganar ta ce, "Ke dai da boko." Duk da haka ta bar ni ina ware kula ƙarama mai rabin sukari, a ƙara mata citta da na'ana'a da ɗan gishiri kaɗan, wanda ke danne kaifin tsamin. Ita ce ke fara ƙarewa. Gwaggo ta ce don ƙarama ce.

Adadin baƙi kuwa, kada ki taɓa yarda da shi yadda aka faɗa miki. Uwar amarya ta ce 300, tana nufin waɗanda ta tuna. Bikin zango ba a shiga da kati: 'yan ƙungiyarta za su zo da ashobi, dangin ango daga Kumasi da mota guda, 'yan Madina da na Ashaiman, ga yaran unguwa da ke bin kiɗa. Ba ma haɗa ƙari mu tafi da shi, domin haɗaɗɗen lemo in ya kwana cikin zafin nan sai ya fara kumfa, gora ta kumbura. Abin da muke yi shi ne mu riƙe ruwan lemo zalla lita uku da dafaffen sukari daidai da shi a cikin ƙanƙara, da jakar ruwa ɗaya ko biyu a gefen aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. In an ga taro ya fi ƙarfin kula, cikin minti biyar an haɗa sabo. In ba a buƙata ba, zallan ya koma firiza, ba asara.

Kuɗin wannan ajiya tun farko ake faɗa wa mai biki, a kuma karɓi na sayen kaya kafin a taka kasuwa. Farashin sukari, wanda akasarinsa daga waje ake shigo da shi, yana bin sidi, kuɗin Gana, duk inda ta nufa, ciniki da aka yi wata guda kafin biki kan iya zama bashi a kanki ranar biki. Shi ya sa duk wanda ya ce a bari sai bayan an tashi daga taro a yi lissafi, Gwaggo takan yi masa addu'ar Allah ya sanya alheri, ta kwatanta masa gidan wata mai yi a layin baya.