Ranar da na ga zoɓo a Houston

Shekarata ta farko a Houston da ke Amurka, a unguwar Alief, ban san sunan kowa a layinmu ba. Mutum zai fito daga mota ya shige gida ya ja ƙofa, ko sallama babu. Ni da na tashi a Hadeja, inda maƙwabciya ke leƙo ki idan ba ta ga hayaƙin murhunki ba, abin ya yi mini nauyi ƙwarai.

Wata Asabar a kantin Fiesta na ci karo da tulin jan ganye busasshe, an rubuta jamaica a jikinsa. Na ɗiba na shinshina. Wallahi zoɓo ne! Ina tsaye idona ya ciko, sai ga matar da ke gidan da ke kallon namu, 'yar Meziko, tana ɗiba ita ma. A nan muka fara magana. Daga baya maigida ya gaya mini Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, wanda ake lodi daga Kano da Maigatari. Wato mai yiwuwa daga gonakinmu ya rigo ni zuwa.

A watan Yuli na ce zan gayyace su cin abinci, kuma irin nasu zan dafa. Zafin garin kan kai digiri 38, ga gumi kamar na Legas, don haka muka bari sai bayan la'asar.

Maƙwabciyar ce ta tsaya a kaina. Naman sa na saya a shagon halal da ke titin Hillcroft, na jiƙa shi tun dare da lemon tsami, tafarnuwa da barkono, maigida ya gasa a kan gawayi kamar balangu. Carne asada suke ce masa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tortilla, siririyar gurasar masara mai faɗin tafin hannu. Sai an dafa masarar da farar ƙasa kafin a niƙa, shi ya sa kullin ke kama jikinsa, kuma na tuna yadda kanwa ke gyara mana girki. Ta ja kunnena a kan wake: nasu da kitsen alade aka saba soya shi, in riƙa duba gwangwani. Na dafa nawa da man gyaɗa. Fiya kuwa dama ta kawai aka yi da albasa da gishiri.

Batun sha na gaya mata tun farko, giya ba ta shiga gidana. Ta ce ba komai. Muka haɗa margarita babu giyar tequila, lemon tsami da lemon zaƙi da ƙanƙara, aka shafa gishiri da garin barkono a bakin kofi. Ta kawo horchata, ruwan shinkafa da kirfa, na ajiye kunun aya kusa da shi. Zoɓon kuma na yi shi irin na gida, da citta da kanumfari da abarba. Surukarta, tsohuwa mai kusan shekara 80, ta kurɓa ta yi shiru, sannan ta miƙo kofi a ƙara.

Da dare na kira Umma na ba ta labari. Tambayarta ɗaya: "Kin zuba musu sun tafi da shi gida?" Na ce na zuba. Washegari kwanon ya dawo cike da tamales, wato kullin masara da ake naɗewa a turara kamar alala, na kaza, ta ce ba kitse a ciki.