Kafin a jona ta da wuta: neman tsofaffin na'urorin gem a shagunan gwanjo

Na daɗe ina bin shagunan kayan lantarki na gwanjo ina neman tsofaffin na'urorin wasan bidiyo, waɗanda muka taso muna kira gem, kuma abin da na fahimta shi ne, a kasuwanninmu ba tsufa ne yake kashe yawancinsu ba, gaggawar gwaji ce. Na'ura za ta shafe shekaru talatin tana aiki a wani gida a Japan ko Amurka, ta tsallake teku cikin kwantena, ta sauka Legas ko Kwatano, ta biyo mota zuwa Kano, sannan ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya a hannun mai shago mai kyakkyawar niyya da yake son ya nuna wa mai saye cewa kayansa lafiya lau suke.

Dalilin kuwa a fili yake. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Na'urori irin su PlayStation ta farko da Sega Saturn, waɗanda suka fito a Japan a ƙarshen 1994, da Dreamcast ta 1998, suna da abin karɓar wuta a cikin cikinsu, kuma wayar da suke amfani da ita ta yi kama da wayar rediyon kaset da ba a rasa ta a kowane shago. Don haka hannu ya saba: a ɗauko waya, a cusa, a kunna. Idan 'yar Japan ce, sai a ji wata 'yar ƙara, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Shi ya sa da zarar idona ya faɗa kan wata a ƙasan kantar shago, tsakanin tsofaffin dikoda da na'urorin kaset ɗin bidiyo, abin da nake fara cewa shi ne, "Alhaji, don Allah kada a jona ta, bari in ga bayanta tukuna."

A bayan nata ne labarinta yake rubuce. Kowace na'ura ta asali tana da 'yar takarda manne a ƙasanta mai ɗauke da ƙarfin wutar da take buƙata da lambar samfurinta. A PlayStation, lambar ƙarshe tana nuna ƙasar da aka yi ta dominta: SCPH-1000 ta Japan ce, 1001 ta Amurka, 1002 ta Turai, kuma ta Turai ce kaɗai za a iya jonawa kai tsaye a nan. Haka Dreamcast: HKT-3000 ta Japan, 3020 ta Amurka, 3030 ta Turai. Sauran sai da taransifoma mai rage wuta. Wanda ya ci karo da PlayStation baƙa mai lamba da ta fara da DTL-H, to ya natsu sosai, domin wannan ita ce Net Yaroze, wadda kamfanin Sony ya sayar wa masu sha'awar rubuta wasanni da kansu, ba a taɓa jibge ta a kantuna kamar 'yar'uwarta mai ruwan toka ba.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983 da NES da ya kai Amurka a 1985 kusan na'ura ɗaya ce a cikin riguna biyu, amma adaftar NES tana fitar da wuta mai kai da komo, ita kuwa Famicom miƙaƙƙiyar wuta take sha. Bakin adaftar yana shiga, kuma shigarsa ce ajalinta. A tarin gwanjo, inda ake zuba adaftoci cikin kwali ɗaya ana lalube, wannan kuskure ba wuya ya faru.

Wasu kuma ana yanke musu hukuncin mutuwa alhali da ransu. Na'urar Japan ko Amurka tana aika hoto da tsarin NTSC, tsofaffin talabijin ɗinmu kuwa PAL suka sani, sai hoton ya fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima, mai shago ya ce ta lalace, ya ajiye ta jiran 'yan gwangwan. Game Gear ta Sega, wadda ta fito a 1990, ta yi suna wajen dusashewar allo da ɗaukewar murya, kuma kusan kullum ƙananan kafasito ne, wato 'yan sassan da ke tara wuta, suka zubar da ruwansu a kan fanel, abin da ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya canjawa idan ya samu haƙuri da siririn bakin ƙarfen narka dalma. Idan na buɗe murfin batir na Game Boy na ga farin gari ko kore-kore a kan ƙarafunan, ba na karaya, domin auduga da 'yar binega sukan share shi. Robar Super Famicom da ta koma ruwan ɗorawa ma ba cuta ba ce, hasken rana da iska ne suka canja mata launi.

Sai batun jabu, wanda ya shafe mu fiye da kowa. Yawancinmu abin da muka buga muna yara ba Nintendo ta asali ba ce, kwaikwayonta ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, wasu cikin ƙirar Mega Drive, wasu cikin ƙirar PlayStation da suna irin PolyStation, tare da kaset mai ruwan ɗorawa da ke alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Ba na raina su, domin su ne suka shigar da wasan gidajen da ba za su taɓa iya sayen ta asali ba, kuma ina ganin sun cancanci a adana su da sunansu. Amma bai kamata a biya kuɗin asali a kansu ba. Nauyi yakan tona su: ɗauke ta a hannu, idan ka ji ta sakayau kamar fankon ashana, to babu komai a ciki sai ɗan fanel ƙarami.

Masu wannan sha'awa suna yawan ambaton labarin samfurin gwaji na wata na'urar gem da Nintendo da Sony suka haɗa kai suka ƙera kafin su raba gari a farkon shekarun 1990. Wani mutum a Amurka ya same shi cikin tarkacen wani kamfani da ya karye aka yi gwanjon kayansa, ya ajiye shi shekaru, daga baya aka sayar da shi dala 360,000 a 2020. Ba na shiga Sabon Gari da tsammanin irin wannan. Abin da nake fata shi ne PC Engine ta NEC, ko Neo Geo ta SNK da aka sayar kusan dala 650 a Amurka lokacin fitowarta, ko ma Mega Drive ta farko da hannunta na asali mai maɓallai uku. Na bar lambar wayata a wurin wasu masu shaguna da 'yan gwangwan biyu, da roƙon cewa duk wadda ta shigo su ɗauki hoton takardar ƙasanta su turo mini ta WhatsApp kafin kowa ya nemo mata waya.