Wasiƙa daga Malesiya: dan Allah a bar biki ya yi kama da masu shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Ringim da Taura da ƙauyukan da ke zagaye, ina gaishe ku da kyau, ya sanyi, ya aka ji da aikin kaka? Allah ya sa albarka a abin da aka kai rumbu, amin.

Tun da aka fara kai amfanin gona gida wayata ba ta huta ba, katin biki ke ta shigowa ta WhatsApp, yau ɗiyar Baffa gobe ƙanwar ƙawa, kuma wallahi ina murna sosai, Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Amma akwai abin da ke damuna. In aka turo min bidiyon bukukuwan nan sai na ƙura wa fuskar amarya ido kafin in gane na wace ce, saboda komai iri ɗaya ne, kanofi iri ɗaya, kujerar amarya mai ruwan zinare da aka hayo daga cikin gari, dije ya kafa sifika ko gaisuwa ba a ji, shinkafa a roba, kalanda mai hoton ango da amarya, shikenan an watse. Kuma kafin a kai ga haka an sai da tunkiyar Inna, wani gidan har gona an jinginar, amarya ta tare iyayenta na biyan bashi har wata damina. A ci bashi a kuma yi bikin da bayan sati biyu ba wanda zai iya tuna komai a cikinsa, wannan ne ke min ciwo.

A nan inda nake an gayyace mu biki a wani ƙauye, gidan su wata abokiyar karatuna. Mutanen nan musulmi ne irinmu, kuma tun daren jajibere duk unguwa ta hallara, mata sun zauna suna yankan albasa suna ɓare tafarnuwa ana hira, maza kuma su ne a kan manyan tukwane suna juya nama da shinkafar mai. Da gari ya waye tun wajen ƙarfe 11 baƙi suka fara zuwa, ka zo ka ci ka gaisa ka yi addu'a ka ba wani wuri, har zuwa la'asar. Da ango zai shigo samarin unguwa ne suka rako shi da ƙananan ganguna masu kama da mandiri suna salatin Annabi. In za ka tafi sai a miƙa maka dafaffen ƙwai guda an ɗaura masa fure, shi ne kyautar biki ta gargajiya a wajensu, kai kuma in kana da gudummawa ka naɗe ta a ambulan, wajen musabaha da uban amarya ko uwarta sai ka saƙa musu a hannu ba wanda ya san nawa ne. Su ma a birane irin Kuala Lumpur an koma hol da masu girkin haya, suna ta kukan tsada kamar mu, amma na ƙauyen nan kana zuwa ka san gidan wa ka zo. Ina zaune a wurin zuciyata na gida, don duk abin da na gani muna da namu, har ma wanda ya fi shi, mu ne muka fara jin kunyarsa.

To ni dai shawarata ta farko, kafin a kira mai kanofi a fara kiran amarya ɗaki a tambaye ta me take so. Na san za ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda kuka yi, to a tura mata gwaggonta ko ƙawar da take sakin jiki da ita, za a ji magana. Shi ma ango abokansa su tambaye shi. Yarinyar da ta yi sauka, me zai hana a ɗauko allonta mai zayyana a jingine shi a wajen walima, 'yan ajinsu na Islamiyya su buɗe taro da karatu, malamarta ta yi nasiha a taƙaice? Angon da tela ne shi ya ɗinka 'yan jakunkunan rabo da hannunsa. Wanda manomin riɗi ne ko gyaɗa a yi kantu ko ƙuli-ƙuli daga gonarsa a ƙulla wa baƙi, a kuma faɗa a bainar jama'a cewa daga gonar ango ne. Ku ga yadda mahaifinsa zai gyara zama.

Abinci kuwa nan ne na fi jin takaici, don mun fi kowa. Ina fankasau da miyar taushe, ina dambun shinkafa da zogale da man ƙuli, ina waina da sinasir, ina dashishi da alkubus? Kowane gida akwai tsohuwar da aka sani da hannu a abu guda, wata in ta yi alkaki sai ya yi wata bai canza ba, wata nakiya, wata kuma damun furarta ake magana. A ba su girmansu, a ce Iya ke ce da wainar bikin nan, a sayo mata kayan haɗi a Gujungu ranar Lahadi, 'yan mata su taya ta suna koya. Zoɓon da ake lodawa a manyan motoci daga Jigawa ana fita da shi ƙasashen waje, shi ne mu kuma muke rainawa mu je mu sayo lemon kwalba da tsada. A dafa shi da citta da kanumfari, a yi kunun aya da dabino, a sa a randa ko a nemo ƙanƙara, ya wadatar. Manzon Allah (SAW) da Abdurrahman bin Auf ya yi aure ce masa ya yi ka yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Shi kansa walimar aurensa da Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Haibara ba nama ba gurasa, dabino ne da cuku da man shanu aka cakuɗa aka ci. Sannan akwai hadisin Abu Huraira da ke cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran masu kuɗi a bar talakawa. Don haka tun a wajen rabo a fara fitar da kwanon maƙwabta da tsofaffin da ba sa iya fita da almajiran unguwa, kar su tsaya a bakin ƙofa suna jiran ragowar roba.

Sai ranar kamu da sa lalle, wadda ni a wajena ita ce zuciyar bikin mata. Ba na hana amarya zanen fulawa, ta yi abinta ta yi kyau. Amma a bar wa kaka rabonta, ita ta kwaɓa lallen gida, ta shafa wa jikarta a ƙafa tana mata addu'a, in ma akwai zunguru a rataye a wani ɗakin a ɗauko shi a kakkaɓe yara su ga yadda iyayenmu suke zura hannu a ciki in an yi ƙunshi. A kashe sifika ko na awa ɗaya ne, a kifa ƙwarya a ruwa, a ɗauko shantu, tsofaffi su yi waƙoƙin da aka yi musu ranar nasu auren, waɗanda ake ambaton sunan uwar amarya da kakanninta a ciki. Nana A'isha ta taɓa raka amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko ba su da abin wasa, don mutanen Madina suna son wasa, kun ga farin ciki na mata a cikin gida ba laifi ba ne. Kuma dan Allah, ina roƙonku, wata ta riƙe waya ta naɗi muryoyin nan. Tsofaffin nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi da waƙoƙinta a ciki, mu kuma cajinmu ya ƙare a ɗaukar rawar da gobe za a goge. Haka nasihar da ake wa amarya daren kai ta, ana yi tana kuka, rabin maganar ba ta shiga kunnenta. A samo littafi mai bango, wata 'yar sakandare ta zauna kusa ta rubuta abin da kowace gwaggo da inna ta faɗa da sunanta a ƙasa, wadda ta iya ajami ta rubuta da hannunta, a sa mata a ƙasan akwati. Akwai ranar da za ta buɗe shi ita kaɗai a ɗakinta.

Iyayena maza, Baffa da Kawu, ku gafarce ni in sa baki kaɗan a naku ɓangaren. Ana ɗaura aure a masallaci ko a ƙofar gida, amarya da mahaifiyarta suna can ƙuryar ɗaki, sai dai su ji guɗa ko yaro ya rugo ya ce an ɗaura. A nan Malesiya na ga amarya na zama a gefe cikin mata tana jin komai da kunnenta. Ban ce a fito da tamu ba, kunyarmu adonmu ce, amma ai ɗan uwanta zai iya kiran wayar gida ya ajiye tasa kusa da liman, ta ji waliyyinta ya ba da ita, ta ji wakilin ango ya karɓa, ta ji an ambaci sadakinta, ta shafa fatiha tare da kowa. Shi kuma sadakin nata ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta faɗa ƙarara a ba mata sadakinsu. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko abin da ya kai ƙimarsa, kun ga ba dole sai takardar kuɗi ba. In ta fi son tunkiya biyu daga Maigatari, ko keken ɗinki, ko ɗan kunnen zinare, a tambaye ta a yi mata, abu ne da zai zauna da sunanta maimakon ya narke a cefanen biki.

Anko kuwa ya raba zumunci a gidaje da yawa, ni shaida ce, mace ta ƙi zuwa bikin ɗiyar yayarta don ba ta da kuɗin atamfar da aka fitar, ta fake da ciwon kai. A faɗi kala kawai mana, a ce shuɗi za a sa ko kore, kowa ta buɗe akwatinta ta ɗauko nata, a hoto ma ya fi kyau. Wurin zama in akwai inuwar darbejiya ko tsamiya a share a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi, a rataya zannuwan saƙi na kaka a bayan amarya, a kunna kaskon turaren wuta, da dare a jera fitilun sola. A ware wa tsofaffi da masu goyo gefe mai inuwa da ruwan sha kusa. Kayan rabo kuma maimakon robar da za ta fashe a sati, a ba masu saƙar faifai da mafici na garinmu aikin tun da wuri kuɗin ya zauna a gida, ko a raba dashen mangwaro da zogale, amarya da ango su ma su dasa guda a tsakar sabon gidansu.

Liƙi ma a duba shi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, amma ni ba dokar ce ta fi damuna ba. Matar da ta zo da ɗari biyu a ƙulle a bakin zane ta tsaya a baya tana kallon masu watsa sababbin kuɗi ta kasa matsowa, ita nake ji. A ajiye ƙwarya da faifai a rufe kusa da uwar biki, kowa ya sa abin da Allah ya hore masa, wata amintacciya ta riƙe littafin gudummawa kamar yadda aka saba. Ranar kai amarya kuma a ja kunnen direbobi da 'yan babur, ba tsere ake ba, kar a cusa mutum goma a motar mutum biyar, in gidan a cikin gari ne a taka da ƙafa a raka ta da waƙa.

Na ƙarshe roƙo ne na kaina da sauran 'yan uwa da ke nesa, na Saudiyya da Legas da Kudu. Mu nan muna gaban Najeriya da awa 7, in an sa ɗaurin aure ƙarfe 11 na safe mu 6 na yamma ke nan, in bayan Juma'a ne kuma dare ya yi mana amma za mu jira. A sanar da mu lokaci tun da wuri, a ba yaro ɗaya mai hankali waya da caji da data, aikinsa ke nan ranar, ya tsaya inda sabis ke kamawa, kar ya yi ta juya kyamara, ya kai mu mu gaida Inna da su Gwaggo mu ma mu yi wa amarya addu'a da bakinmu. Kuɗin datar ni zan turo.

A gaida kowa da kowa, a shafa min kan yara. Amare da angwayen bana Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a kanku, ya haɗa ku cikin alheri.

Taku har kullum,
'yar uwarku da ke karatu a Malesiya